Gyaran ɗakin matashi, daga bango zuwa teburin wasa

A cikin ayyukan da ake kiran ɗan kamfaninmu, gyaran falo ne ya fi yawa, sai ɗakin iyaye. Amma wanda nake zuwa da ɗokinsa shi ne ɗakin yaro ko yarinyar da suka fara tasawa, 'yan shekara 13 zuwa 18. Galibi shi ne ƙaramin ɗaki a gidan, kuma shi aka fi ɗora wa aiki. Nan ake barci, nan ake karatu, nan tufafi da littattafai suke, ga tarkacen da mai ɗakin kaɗai ya san amfaninsa, sannan nan abokai ke taruwa. Sau da yawa sai ka tarar yaro ya yi tsawo har ya kamo babansa, amma bangon ɗakinsa yana nan da zanen motoci da aka yi masa tun yana firamare, ƙafarsa kuma tana leƙowa ta ƙarshen gado.

Kafin in taɓa komai, mai ɗakin nake fara nema. Iyaye ne ke biya, na sani, kuma ina girmama wannan, amma ba su ne za su kwana a ciki ba. Nakan ce, "Hajiya, ki ɗan ba ni lokaci da ita, mu biyu kawai." Uwa na fita, sai baki ya buɗe. Wata yarinya ta taɓa ce mini, "Anti, ni dai baƙi nake so, ko'ina baƙi ƙirin, amma Mama ba za ta yarda ba." Ban ce mata a'a ba. Na bayyana mata cewa launi mai duhu shanye haske yake yi, idan ya zagaye bango huɗu ɗakin zai tsuke, karatu da rana ma sai da fitila. Muka tsaya a kan bango ɗaya, wanda ke bayan gado, muka yi masa shuɗi mai duhu sosai, sauran ukun fari mai ɗan ratsin toka. Ta sami abin da ranta ke so, uwar kuma ba ta ga kurkukun da take tsoro ba.

Ba na yarda a zaɓi launi daga ɗan katin da ke shago. Muna shafa shi a bangon kansa, kamar rabin mita a tsaye da kwance, mu bar shi. A duba da safe, a duba da la'asar, a duba da dare an kunna fitila. Launi ɗaya ne, amma fuska uku zai nuna maka, kuma wanda ya burge ka a kati yakan koma wani abu daban idan ya hau bango.

Daga nan sai awo. Ina da tef a jaka kullum, kuma ban taɓa yarda da ido ba, ko da nawa ne. Teburin karatu tsayinsa santimita 73 zuwa 75 daga ƙasa, kujera kuma kamar 45, yadda tafin ƙafa zai zauna daram a ƙasa, gwiwar hannu ta sauka a kan tebur ba tare da ɗaga kafaɗa ba. Tsakanin gado da kabad a bar aƙalla santimita 60, in da hali a ƙara, domin ƙofar kabad ta buɗe mutum yana tsaye a gabanta. Ina duba inda soket yake kafin in yanke inda tebur zai zauna, don ba na son ganin waya tana ratsa tsakiyar ɗaki.

Wannan tsantseni a wurin kawuna na koye shi. Mai fenti ne kuma kafinta, mutum marar yawan magana. Na daɗe a wurinsa kafin ya bar ni in riƙe burushi. Aikina goge bango da sanfefa, daga safe har hannu ya yi sanyi, gashin ido ya yi fari da ƙura. In na ce na gama, sai ya rufe taga, ya ɗauko tocila, ya kwantar da ita a jikin bangon yadda hasken zai bi ta gefe. Nan take duk wani ɗan tudu da rami da ban gani ba sai ya fito da inuwarsa. Ba ya faɗa. Fensir zai ɗauka ya zagaye wuraren, ya miƙo mini sanfefar. Daga baya ma tocilar ba ya ɗauka, tafin hannu kawai yake bi da shi a hankali, idonsa a rufe. Yau yaran da ke aiki a wurina sun san wannan tocilar. Ba a buɗe bokitin fenti sai ta wuce.

Gyaran da ba a gani shi ne aikin. A wanke bango a cire maiƙon hannu, musamman kusa da makunnin wuta da bayan gado. A ɓamɓare duk abin da ya ɗago. A cike tsaga da ramin ƙusa, a bari ya bushe, a goge. Ɗakin matashi kuwa ramukan ƙusa da sauran gam ɗin hotuna ba sa ƙirguwa. Sannan a shafa fentin ƙasa, wanda ke kama bango ya hana shi shanye na sama. Bayan haka shafi biyu na launin da aka zaɓa, da tazarar awa biyu zuwa huɗu a tsakani idan fentin ruwa ne. Lita ɗaya ta fenti mai kyau takan rufe murabba'in mita 10 zuwa 12 a shafi ɗaya. In bango yana da danshi kuwa, sai an gano inda ruwan ke shigowa an toshe, domin duk fentin da aka ɗora a kan danshi kumbura zai yi ya zube.

A nan ne raina ke ɓaci da masu kwaikwayo. Suna ɗaukar hotunan aikinmu a Instagram su nuna wa mutane, su ce za su yi irinsa a rabin kuɗi, a yini ɗaya. Yadda suke yi ba boyayye ba ne: ba wanki, ba ciko, ba fentin ƙasa, su tsinka fenti da ruwa har ya koma kamar wankin burushi. Ranar da suka gama ɗakin yana sheƙi, hoto ya yi kyau. Bayan 'yan watanni yaro ya jingina da bango, rigarsa ta kwaso launi. Sai a kira mu, kuma gyaran ɓarnar wani ya fi sabon aiki wahala, don sai mun kankare nasu kafin mu fara namu. Araha ba ta ado, amma sai an gani a bango ake yarda.

Masu kawo kaya ma suna da nasu. Na taɓa yin odar launi ɗaya, aka kawo mini bokitai masu suna ɗaya amma haɗinsu ba na lokaci ɗaya ba ne, bambancin kaɗan ne, sai dai a kan bango ido zai kama shi. Shi ya sa muke juye duk fentin ɗaki a babban mazubi guda mu gauraya kafin a fara. Katako ma haka: ka biya mai kauri, a sauke maka wanda ya gaza, ko a cusa maka irin wanda aka matse da garin katako, wanda ruwa na taɓa shi zai kumbura. Kowane falanki sai na auna kaurinsa a gaban direba kafin in sa hannu.

Kayan ɗaki ba na son a cika. Ƙarƙashin gado fili ne da ake asararsa, don haka muna yin durowa biyu masu taya da ke shigewa ciki. Kanta da kabad masu tsawo duk sai mun ɗaure su da bango, saboda ƙanne suna shigowa, suna kuma hawa. Sai allon manna hotuna a saman tebur: falanki, siririn soso, a lulluɓe da yadi. Abin da matashi ke so bana ba shi zai so baɗi ba, to gara ya sami wurin da zai riƙa sauyawa da kansa ba tare da ya huda bango ba. Fitila iri biyu muke sawa. Ta teburin karatu mai farin haske, wadda aka rubuta 4000K a kwalinta, ta gefen gado kuma mai ɗan ja-ja, 2700K, wadda ba ta korar barci. Likitocin barci a Amurka sun ce 'yan wannan shekaru suna bukatar awa 8 zuwa 10 a kowane dare, shi ya sa nake dagewa kan labule mai kauri. Faɗinsa ya kai ninki biyu na taga don ya yi tattara mai kyau, sandarsa kuma a ɗaga ta sama da taga da santimita 10 zuwa 15, ɗakin zai ƙara tsawo a ido.

Yanzu ga ɓangaren da iyaye suka fi mamaki. Kusan kowane matashi da na zauna da shi yana son wurin da abokansa za su zo a yi wasa da dare, ludo, ko dara ta Turawa, ko Scrabble, ko kati. Iyaye da yawa ma sun fi son haka, a taru a gida inda suke jin dariyar. Kayan wannan daren kuwa ba sai an saya ba, kuma ina son mai ɗakin ya sa hannu a yin su.

Babban abin shi ne allon wasa. Muna yanka falanki mai santimita 75 kowane gefe, mu goge shi sumul, mu kashe kaifin kusurwa. Fuska ɗaya ta darar Turawa ce, gida 64, takwas a tsaye takwas a kwance. Ɗaya fuskar ta ludo ce, wadda ake zanawa a kan layi 15 sau 15. Da fensir da rula ake fara zane, sai a manna tef ɗin takarda a kan layi, a danne bakinsa da farce sosai don kada fenti ya kutsa ƙarƙashi. A cire tef ɗin tun fentin bai gama bushewa ba, a hankali, a karkace, layin zai fito tsaf kamar an buga da inji. Nakan miƙa wa yaro burushin ya cike gidajen da kansa, ina gefe ina ba shi labarin cewa ludon nan daga wani tsohon wasan Indiya ya samo asali, daga baya aka yi masa rajista a Ingila. A ƙarshe a shafa man da ke kare katako sau biyu. In an gama wasa allon ya shige bayan kabad, ba ya cin wuri.

Wurin zama kuma kushin ne na ƙasa, santimita 60 sau 60, daga ragowar yadin labule ko tsofaffin wandunan jins da suka yi wa mai ɗakin kaɗan. Riga mai zif muke ɗinka musu, a cire a wanke. Guda huɗu ko shida sun isa, da rana a jera su a kusurwa.

Akwai ƙananan abubuwan da sai wanda ya zauna wasa ya san daɗinsu. Murfin akwati marar zurfi, a shimfiɗa masa yadi mai kauri da gam, nan ake jefa dayis: ba ya gangarawa ƙarƙashin gado, ba ya ƙarar da za ta tashi na ɗakin gaba. Ƙananan jakunkuna masu zariya, kowane wasa da tasa, domin Scrabble haruffa 100 ne, ɗaya ya ɓata lissafi ya rikice. Guntun katako da aka tsaga masa layi da zarto, ƙanin da hannunsa bai kai riƙe kati ba ya jera nasa a ciki. Ɗan benci daban na ajiye kofuna, nesa da allo. Kwando a bakin ƙofa, duk wanda ya shigo ya jefa wayarsa. Wannan kwandon wani yaro ne ya kawo shawararsa, ba ni ba, ya ce, "Anti, in ba haka ba rabin mutane ba sa sanin layinsu ya zo."

Allon maki shi ne abin da aka fi so. Bayan ƙofa muke yi wa fentin allo, irin baƙin allon makaranta. Kwana uku muke ba shi kafin a yi rubutu, sannan a kwantar da alli a goga ko'ina a share, in ba haka ba rubutun farko zai zauna har abada. Sunaye a sama, maki a ƙasa, daga mako zuwa mako. Wasu har kofin nasara muke sassaƙa musu daga guntun katako, a yi masa ruwan zinariya, wanda ya ci ya tafi da shi gida sai zama na gaba. Hasken wasa daga sama yake saukowa, mai laushi, kada ya faɗo kan allon kai tsaye ya riƙa ƙyalli a idon na gefe.

Duk da haka, in aka zo maganar kuɗi, wurin da ake fara cewa a rage shi ne ranar gyaran bango. Iyaye sukan ce mini, "Ai fenti fenti ne, Hajiya, a shafa kawai." Nakan amsa cewa in dole sai an rage, a bar kofin katako, a bar kushin biyu, a ɗage labule zuwa wani wata, duk na yarda. Gyaran bango kam ba na taɓa shi, ko da aikin zai kuɓuce mini.

Ranar miƙa ɗaki muna barin ƙaramar kwalba ta kowane launi, da suna da lambarsa a rubuce a murfi, da ɗan burushi, saboda ƙujewar da ba makawa za a yi. Muna gaya wa mai ɗakin, ba uwarsa kaɗai ba, cewa fentin ruwa yana bushewa a hannu cikin awa ɗaya ko biyu, amma bai gama ƙarfi ba sai bayan mako uku zuwa huɗu. Kafin nan kada a wanke bango, kada a manna masa komai, gado kuma a ɗan janye shi. Taga ta zauna a buɗe kwanakin farko har wari ya fita, sannan a kira abokai.