Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Daren Allurar Farko

A makon jiya na tsaya inda aka kwantar da ni a asibiti, bayan Kogin Kaduna ya yi ambaliya a unguwarmu ta Kabala, muka yi ta kwashe kaya ba takalmi cikin ruwan da ya gauraye da na kwata. Maganin zazzaɓin cizon sauro bai yi mini komai ba, idanuna sun yi jawur, ƙafafuna kuwa ciwo ya hana su ɗaukata. Likita ya ce yana zargin cutar da ake ɗauka daga fitsarin ɓera, wadda ke shiga jiki ta rauni a fata, sai ya rubuta allurar penisilin.

Bayan La'asar aka yi mini ta farko. Kafin Isha'i makyarkyata ta kama ni, haƙorana suna haɗuwa, har gadon ƙarfen yana ƙara, daga baya jikina ya yi zafi rau, jinina ya sauka. Inna ta miƙe tana salati, ta ce, "Likita, maganin nan bai karɓe shi ba, ku sallame mu."

Likitan bai tsawatar mata ba, kuma har yau ina ganin wannan ne ya cece ni. Ya buɗe bakina, ya duba fatata, ya saurari ƙirjina, sannan ya ce, "Mama, da maganin ne bai karɓe shi ba, da kin ga fuska da leɓe sun kumbura, jiki ya yi ruɗu-ruɗu, numfashi yana sarƙewa, kuma da ni da kaina zan dakatar da shi. Wannan kuwa ƙwayoyin cutar ne suke mutuwa lokaci guda, abin da suke saki cikin jini shi ya tayar da jikin."

Daga baya na karanta cewa likitoci 2, Jarisch ɗan Austiriya a 1895 da Herxheimer ɗan Jamus a 1902, su suka fara bayyana wannan yanayi a jikin masu ciwon tunjere. Ba kowace cuta ke kawo shi ba, galibi masu murɗaɗɗun ƙwayoyi ne, irin tunjere da wannan tawa, kuma yawanci yakan lafa cikin awa 24, ko da yake yakan tsananta har a buƙaci kulawa sosai, musamman ga mai juna biyu.

Aka ƙara mini ruwa, aka ba ni farasitamol, ma'aikaciyar jinya tana auna jinina akai-akai har Asuba. Da hantsi na nemi koko, aka ci gaba da allura kamar yadda aka tsara.

Mako mai zuwa, in Allah ya yarda, zan kawo yadda muka koma muka tarar da gidanmu.