Watanni ukun farko: zani ya matse, sikeli bai motsa ba

Aikina awon ciki ne a wata cibiyar lafiya nan cikin Damagaram, kuma ni ma na ɗauki ciki na haihu. Saboda haka wannan magana na san ta a kan sikeli, na kuma san ta a jikina. Koke biyu na fi ji daga bakin masu ƙaramin ciki. Wata za ta ce ta kumbura, rigunanta sun ƙi shiga tun ciki bai rufa wata biyu ba. Wata kuma ta ce ta zube, uwar miji sai faɗa take wai ba ta cin abinci. Kowacce ta zo, kafin mu yi nisa da zance sai ta tuɓe takalmi ta hau sikeli.

A watanni ukun farko, abin da ake sa ran mace ta ƙara bai wuce rabin kilo zuwa kilo 2 ba. Wadda laulayi ya kama sosai tana iya raguwa da kilo ɗaya ko biyu, kuma wannan bai cutar da ɗa muddin tana riƙe ruwa. A mako na 12 tsawon ɗan tayi santimita 5 zuwa 6 ne, kamar lemun tsami, ita kuwa mahaifa sai a lokacin take fara leƙowa saman ƙashin mara. To, me ya matse zanin? Iska ce da ruwa. Sinadarin da ke riƙe ciki, wato furojestaron, yana sassauta hanji, abinci ya daɗe bai sauka ba, iska ta taru, bayan gida ya yi tauri. Shi ya sa da asuba ciki yake lafe, bayan la'asar ya tashi tim. Kitse ba ya zuwa da yamma ya tafi da safe. Da na gane haka a kaina, na daina tsayawa gaban madubi bayan tuwon dare.

Kilo nawa ya kamata a ƙara har zuwa haihuwa, wannan ya danganta da jikin da aka shiga cikin da shi. Ga yadda muke lissafi: a raba nauyi da tsawo sau tsawo. Mace mai kilo 55 da tsawon mita 1.60, za a ce 1.60 sau 1.60, ya ba da 2.56, a raba 55 da shi, ya ba da 21 da rabi. Wadda lissafinta ya faɗa tsakanin 18 da rabi zuwa ƙasa da 25, ana so ta ƙara kilo 11 da rabi zuwa 16. Wadda ba ta kai 18 da rabi ba, siririya ke nan, kilo 12 da rabi zuwa 18. Daga 25 zuwa ƙasa da 30, kilo 7 zuwa 11 da rabi. Mai 30 ko fiye, kilo 5 zuwa 9 sun isa. Kusan duk wannan ƙarin daga wata na huɗu yake zuwa, wajen giram 400 a mako ga mai matsakaicin jiki. Lissafin bai yiwuwa sai an san nauyin farko, kuma nan ne kunya ke yi mana ɓarna. Mai cikin fari takan ɓoye har wata biyar ko shida, ta zo mana ba mu san daga inda ta taso ba. Hukumar Lafiya ta Duniya tun 2016 ta ce a zo awo sau 8, na farko cikin makonni 12 na farko. Wadda ba ta son a gan ta a layin masu awo, ta ja hijabinta ta zo da sassafe, babu mai yi mata shela.

A hau sikeli sau ɗaya a wata, sikeli guda, da safe, da tufafi marasa nauyi. Hijabi mai kauri da zani biyu da jaka a hammata suna iya ƙara kilo guda na ƙarya. Awon kowace rana babu abin da yake kawowa sai tashin hankali.

Sai maganar "ki ci na mutum biyu". Iyayenmu da kyakkyawar niyya suke faɗa, amma a watanni ukun farko jiki bai buƙatar ƙarin abinci ko kaɗan. A wata na huɗu zuwa na shida ne ake ƙara kalori, wato ma'aunin ƙarfin da abinci ke ba jiki, wajen 340 a rana, wanda bai wuce kwanon fura da nono madaidaici da ɗan dunƙulen gyaɗa ba. Na lura waɗanda ke ƙara kilo 4 ko 5 tun da wuri ba tuwo ne ya ƙara musu ba. Lemun kwalba ne, da zoɓo mai sukari, da fanke, da alkaki, da alawa da ake tsotsa duk yini don kashe ɗacin baki. Duk da haka ban yarda mai ciki ta rage cin abinci don ta rame ba, ko da mai jiki ce. Ta canza abin da ke cikin kwanon, kar ta ɗauke kwanon. A nan garin ma, gaskiya, ramar mai ciki da ƙarancin jini sun fi ƙiba damuna nesa ba kusa ba.

Abin da ya yi mini aiki kan laulayi da kumburi shi ne cin kaɗan-kaɗan sau biyar ko shida. Kafin a sauko daga gado a tauna busasshen burodi ko dabino biyu, don ciki wayam ya fi tayar da zuciya. Da hantsi kunun hatsi da ɗan tsamiya. Da rana dambu da zogale da ƙuliƙuli, ko wake da aka jiƙa ya kwana aka zubar da ruwan jiƙon, hakan na rage iska. Da dare miyar kuka ko kuɓewa, a ci da wuri, a bar awa biyu kafin kwanciya saboda ƙwarnafi. Ruwa lita 2 ko fiye, kurɓi-kurɓi tsakanin abinci, a zafin Afrilu da Mayu kuwa a ƙara. Madarar da za a yi nono da ita a tabbatar an tafasa. Hanta tana ƙara jini, amma bitamin A ya yi yawa a cikinta, a yi hankali da ita a farkon ciki.

Ƙwayar ƙarin jini da muke bayarwa, mai sinadarin ƙarfe da wani bitamin da ake kira folik asid, ita ce mata suka fi jefarwa ƙarƙashin katifa, saboda tana baƙanta bayan gida, tana taurara shi, tana tayar da zuciya. Baƙin ba ciwo ba ne. A sha ta da dare bayan an ci wani abu, a haɗa da lemu ko tumatir. Kar a sha ta da shayi, domin shayi na hana ƙarfen shiga jini, a bar tazarar awa biyu. Mai kwaɗayin farar ƙasa ko ƙanƙara ta faɗa mana, sau da yawa alamar ƙarancin jini ce.

Nono shi ke fara tona asiri. Yakan cika, ya yi zafi, kansa ya ƙara baƙi, jijiyoyi su fito. A sayi rigar nono ta auduga, marar ƙarfe a ƙasa, mai faɗin igiya, lamba ɗaya sama da ta da. Kar a sayi da yawa, zai ƙara girma. In za a kai ɗinki, a ce wa tela ya bar yatsa uku na yadi a kowane gefe daga ciki, ya sa roba ko zariya a ƙugu maimakon zif. Ɗaure ciki tamau don ɓoyewa ba ya hana shi fitowa, sai dai ya ƙara ƙwarnafi.

Fata ma tana sauyawa. Wuya da kumatu su yi duhu, baƙin layi ya sauko daga cibiya. Yawanci yana washewa bayan haihuwa. Nan ne wasu ke ƙara man bilicin, alhali da yawansu na ɗauke da sinadarai masu ratsa fata su shiga jini. A ajiye su, a shafa man kaɗe, a guji ranar tsaka. Haka ƙwayoyin ƙiba da masu talla ke yawo da su a tire, da shayin rage tumbi, da filasko da jiƙe-jiƙen wankin ciki, babu ɗaya da ya dace da mai ciki.

Kwanciya duk yini tana ƙara kumburi. Tafiyar minti 30 bayan sallar asuba ko dab da magariba, kwana biyar a mako, tana motsa hanji. Jarkar ruwa mai lita 25 kuwa a bar wa ƴan garuwa da mai gida, ko a raba ta biyu.

Akwai abubuwan da ba a jira ranar awo a kansu. Zubar jini ko da ɗigo ne. Ciwon mara mai tsanani a gefe ɗaya. Aman da ya hana riƙe ko ruwa yini guda, fitsari ya yi kaɗan ya yi ja. Raguwar da ta kai kashi 5 cikin 100 na nauyi, wato kilo 3 ga mai kilo 60. Zazzaɓi, musamman da damina, domin maleriya a kan mai ciki ba abin wasa ba ce, kuma a kwana cikin sange tun daga ranar da aka san da cikin. Kumburin fuska da hannu ma ba na ƙiba ba ne, a zo a auna hawan jini da fitsari. In kuwa ciki ya fi watanninsa girma, a yi hoto, wataƙila tagwaye ne, wataƙila lissafin watan ne ya kuskure. Mai zuwa awon farko ta taho da ranar da ta ga al'adarta ta ƙarshe a rubuce, da duk maganin da take sha a cikin kwalinsa.