Na Je Dutsen Kamaru Neman Wuta, Sanyi Ya Tarye Ni

Shekara 11 ke nan ina koyar da labarin ƙasa a wata sakandare a Gombe, kuma duk zangon da aka zo kan dutse mai aman wuta zane ɗaya nake yi a allo: tsauni kamar dalar gyaɗa, rami a ƙoli, wuta na tashi sama. A littafi na gan shi, haka na riƙa juye wa yara. Da na je hutun Disamba wajen kawuna da ke fataucin shanu a Duwala, sai na ce masa zan hau Dutsen Kamaru. Ya dube ni ya ce, "Ɗan nan, ajiya ka yi a can?" Na ce, "Kawu, abin da nake koyarwa zan je in gani." Ya yi mini addu'a, ya miƙo bargo. Na karɓa hannu biyu, na faki idonsa na bar shi a ɗaki. Wa zai ɗauki bargo zuwa wurin wuta?

Daga garin Buea ake fara hawa, da jagora da ɗan dako. Jagoran nawa ɗan ƙabilar Bakweri ne, da turancin buroka muka riƙa lallaɓawa. Da farko kurmi ne mai duhu da laima, can sama sai itatuwa su ƙare kamar an yanke da wuƙa, a shiga ciyawa da baƙin dutse. Mun kwana a bukka ta biyu cikin bukkokin da aka gina wa masu hawa, wajen mita 2,800. Ni da na taso cikin hunturu ina taƙamar na san sanyi, daren nan haƙorana suka yi ta kaɗawa har asuba. Da ruwan alwala ya taɓa hannuna sai da na yi salati. Ɗan dakon ne ya ji tausayina ya ara mini rigar sanyinsa. Tsawon dutsen ya haura mita 4,000, babu wanda ya kai shi a duk yammacin Afirka, wutar kuwa tana can ƙarƙashin ƙasa, ba ta ɗumama kowa.

Wauta ta biyu takalmi ce. Narkakken dutse idan ya daskare a nan ba ya yin sumul, sai ya zama kamar gawayi mai kaifi, duk huji-huji, yana mirginawa a ƙarƙashin ƙafa. Kambas ɗin da na saya a kasuwa, tun kafin mu sauko ya buɗe baki.

A ƙoli na yi ta waige-waige ina neman ramin nan na allo. Babu. Iska ce kawai da hazo. Jagoran ya yi dariya, ya ce, "Malam, bari sai gobe." Washegari da muka gangaro ta ɗaya gefen, sai ga ramukan aman 1999 a jere, bakinsu ja da baƙi, ƙasa duk toka da tsakuwa har ƙafa na nutsewa. A nan na gane dutsen nan ta haƙarƙari yake amai. Narkakken dutse yana tasowa daga ƙasa ne saboda ya fi dutsen da ke kewaye da shi rashin nauyi, iskar da ke cikinsa kuma tana ingiza shi, duk tsagar da ya samu nan zai bi. Shi ya sa ƙananan tuddai fiye da 100 suka watsu a jikinsa, kowane da ranar da ya yi nasa aman. Shi kansa babban dutsen aman ne ya gina shi, wani kan wani, shekara dubbai.

Abin da ya fi zama mini a kai shi ne kauri. Duk wanda ya taɓa tsayawa kusa da tukunyar tuwo ya san talge idan ya yi kauri tsartuwa yake yi ya ƙona mutum, koko kuwa tafasowa yake ya zubo. To, haka nan. Inda narkakken dutse ke da kauri iska ba ta samun hanya, sai ta taru ta fashe gaba ɗaya. Na Kamaru mai ruwa-ruwa ne, malala ya fi yi. A 1999 ya fara amai ranar 28 ga Maris, malalar ta yi sama da mako biyu tana rarrafe kafin ta datse hanyar Limbe zuwa Idenau kusa da ƙauyen Bakingili, ta tsaya dab da teku. Na je na gan ta, baƙar katanga a tsakiyar titi, an karkatar da hanya ta kewaye ta. Ta 1922 kam har cikin teku ta shiga. A 1909 kuwa Jamusawa masu mulki sai da suka kwashe ofisoshinsu daga Buea zuwa Duwala na ɗan lokaci.

Na tambayi jagoran me ya sa ba sa tashi. Ya nuna mini gonakin ayaba da kwakwar manja da ganyen shayi, ya ce a ina za su sami ƙasa irin wannan? Tokar da ake tsoro ita ce takin.

Yawancin irin waɗannan duwatsu suna kan iyakar manyan faifan ƙasa ne, wato manyan ɓangarorin da ɓawon duniya ya kasu, kamar na kewayen tekun Pasifik. Wannan ba ya kan iyaka. Yana cikin wani layi da ya faro daga tsibiran teku, irin su Sao Tome da Bioko, ya ratsa Kamaru. A kan layin ne tafkin Nyos yake, wanda a Agustan 1986 ya saki iskar da ta kashe mutum fiye da 1,700 da dabbobinsu cikin dare ɗaya, ba wuta ba malala. Kuma reshen layin ya shigo har tudun Biu. Wato tafkin Tila, da ke kan tudun, nan maƙwabtanmu, bakin tsohon dutse mai aman wuta ne da ruwa ya cika. Na tsallaka ƙasa na kashe kuɗi, alhali ban taɓa kai ɗalibaina can ba.

Da na dawo Duwala Kawu ya ga bargonsa a ninke inda na bar shi. Bai ce komai ba, sai ya dubi takalmina. Yanzu a aji tsagogi nake zanawa a gefen tsaunin, in miƙa wa yara guntun baƙin dutsen da na tsinto a bakin titin Bakingili su ji rashin nauyinsa. Na rubuta wa shugaban makaranta takardar neman mota zuwa Tila a zango na biyu, ina jiran amsa.