Wasiƙa daga Jamus: amsar tambayar Kawu

Assalamu alaikum jama'ar Kano. Ya hazo? Mu nan sanyi ya sa mu a gaba.

Rannan a waya Kawu ya ƙure ni: "Kai yaro, baƙin ramin nan da kake karatu a kansa, ka ce ko haske ba ya kuɓuta daga cikinsa. To wa ya gan shi?" Kati ya ƙare ban ba shi amsa ba, shi ya sa na rubuto kowa ya ji. Baƙin rami dai wuri ne can a sararin samaniya da ƙarfin jansa ya kai ga duk abin da ya faɗa ciki ba ya fitowa.

Kawu, maƙwabtan ramin ake kallo. In ka ga akuya tana ta zagaye wuri guda, ko ba ka hango turke ba ka san a ɗaure take. A tsakiyar gungun taurarinmu, wato babban taron taurarin da ranarmu take ciki, akwai tauraro mai suna S2, yana kewaya wani wuri da ba a ganin komai, zagaye ɗaya cikin kimanin shekara 16. Masana taurari Reinhard Genzel na nan Jamus da Andrea Ghez ta Amurka sun daɗe suna bin sawunsa. Daga gudunsa aka auna turken: nauyin rana miliyan 4, a cushe a ɗan wuri. Da wannan aikin suka samu kyautar Nobel a 2020, suka raba ta da masani Roger Penrose, wanda aka ba shi kan nasa aikin game da baƙin rami.

A 2019 kuma aka fitar da hoton ramin wani gungun taurari da ake kira M87, mai nauyin rana biliyan 6.5. Zoben haske ne kewaye da duhu, kamar ka leƙa rijiyar marinar Ƙofar Mata da hantsi.

Abin da ke hana ni barci shi ne, tun wajen 2000 aka lura cewa babban gungu babban rami gare shi, ƙarami kuma ƙarami, alhali ramin bai wuce kusan ɗaya cikin dubu na nauyin cibiyar gungun ba. Ana ganin tare suke girma. Iskar gas da ke faɗawa ramin takan yi zafi har ta kore ragowar da za ta zama taurari, sai abincinsa ma ya ragu.

Sai ga na'urar hangen nesa ta James Webb da ke sararin samaniya ta hango ramuka tun farkon halittar sammai, da alama sun fi ƙarfin gungunsu. Ni dai na fi karkata ga cewa a wasu wuraren ramin ne ya riga, kamar a ce Kasuwar Kurmi ta cika maƙil tun birni bai kai ya kawo ba. Malamina bai yarda ba tukuna, muna nan muna ta fafatawa.

A gaida Inna, a ce mata yajin ya iso.

Ɗanku a Jamus.