Saƙon godiya bayan walimar da muka yi a tsohon injin niƙa na Cley

Assalamu alaikum. Bayan godiya ga Allah Maɗaukakin Sarki, ni da iyalina muna miƙa godiyarmu ga 'yan'uwa da abokan arziki da suka taso daga Landan da Mancesta domin halartar walimar auren 'yarmu a ƙauyen Cley, a bakin teku a yankin Norfolk da ke gabashin Ingila. Tafiyar tana da nisa, amma ba ku gajiya ba. Allah ya saka da alheri, ya bar zumunci.

Da yawa daga cikinku kun tambaye ni labarin doguwar hasumiyar da muka taru a cikinta, hidima kuma ba ta bar ni na amsa ba. Injin niƙa ne da iska ke juyawa, wanda aka gina da tubali a farkon ƙarni na 19, mai hawa biyar, a gefen kogin Glaven. A da, fukafukansa huɗu ne ke tarar iska, su juya manyan duwatsun niƙa a ciki, alkama ta zama gari. Kimanin shekara ɗari ya yi yana wannan aiki. A 1921 aka saye shi, aka fitar da kayan niƙa, aka mayar da shi gidan zama, shi ya sa ɗakunansa suke zagaye kamar ɗakin kara. Ambaliyar teku ta daren 31 ga Janairun 1953, wadda ta halaka mutane fiye da 300 a Ingila, ta shiga cikinsa, amma bai faɗi ba. Yanzu masaukin baƙi ne.

Saboda haka godiyata ta kai har ga waɗanda suka zaɓi gyara shi maimakon rushewa, da ma'aikatan da suka karɓe mu hannu bibbiyu, suka ware mana wurin salla.

Godiya ta musamman ga Hajiya, mahaifiyata, wadda ta yi niƙa a kan dutse a ƙuruciyarta. Ta daɗe tsaye tana kallon fukafukan nan, ta kira amarya ta nuna mata, sannan ta sa wa ma'auratan albarka a wurin. Allah ya ƙara mata lafiya, ya ba su zaman lafiya da zuri'a ɗayyiba.