Na bar studiyo jiya, ga abin da ban taɓa faɗa wa maigida ba

Jiya na miƙa makullin studiyo bayan shekara huɗu ina zaune gaban kwamfutar nan da fankarta ke kuka awa injin markaɗe. Ƴan unguwarmu nan Maraɗi sun san wurin, ba sai na kama suna ba. Mun rabu lahiya da maigida, har jikka 10 ya ba ni na sallama ya sa mini albarka. To amma akwai magana guda da ta daɗe tana cina, tunda yanzu ba shi ke biyana ba bari in amayar da ita.

Shekarata ta biyu ce, bayan ƙaramar salla lokacin da bukukuwa ke zuwa ɗaya bayan ɗaya ko numfashi babu. Kyamararmu Canon ce mai megapiksel 18, kowane hoto na hitowa ɗigo 5184 a tsawo 3456 a faɗi (ɗigo su ne ƴan tabo da ke haɗuwa su yi hoto), nauyinshi mega 6 ko 7, biki guda kuwa sai mu ɗauki hoto 400 ko 500, ka ga giga uku kenan ta tahi a yini ɗaya. Disk ɗin kwamfuta ya cika maƙil har ya koma ja. Sau uku ina ce wa maigida a sayo disk na waje mu dinga ajiye na asali, na ukun ya dube ni ya ce "kai kullum a sayo a sayo, ka rage musu nauyi mana, ba kai ne ɗan lakwal ba?"

Shi rage nauyi dama aikina ne na kullum, don ba mai son a turo mishi hoto mai mega 7 ya cinye mishi forfe, balle dangin da ke ƙauye can wajen Madarunfa ko Ɗan Isa da sai sun hau tudu kafin rezo ya kama. IrfanView, wata manhajar hoto ta kwamfuta, nike amfani da shi, in zuba hotuna ɗari biyar lokaci guda in ce ya mayar da tsawonsu ɗigo 800, inganci 70 cikin 100, kowane ya dawo kilo 80 ko ƙasa da haka (kilo dubu ke mega ɗaya), su tahi a WhatsApp kamar walƙiya. Ƙa'ida ita ce ƙananan su faɗa wani dosiye daban, manyan su zauna inda suke. Daren nan wuta ta ɗauke sau biyu, ga zahi, ga yunwa, ga maganar maigida na yawo a kaina, sai na zaɓi dosiyen da manyan suke na kuma sa alama a wurin da ke cewa sabo ya hau kan tsoho. Ba kuskuren hannu ba ne, wallahi da sanina na danna, a tunanina ai hoto hoto ne tunda a allon kwamfuta ban ga bambanci ba. Bukukuwa tara na bi na murƙushe. Da safe na nuna mishi wurin da disk ya samu, ya yi dariya ya ce "ka gani ko, da ka sa ni asarar kuɗɗi a banza." Katin kyamara ma munka goge shi munka tahi wajen suna.

Wata biyu bayan haka wata Hajiya ta shigo da ɗiyarta, ɗaya daga cikin amaren nan tara. Maigidan Hajiya ya rasu, kwana arba'in ke nan. Akwai hoton da na ɗauke shi ranar ɗaurin aure, yana zaune kan tabarma da farar babbar riga, ya ɗan karkata hula yana dariya, ashe mutum ne da ba ya son hoto kuma wanga shi kaɗai gare su mai kyau. Suna so a wanke babba, santimita 40 da 60, a sa a kadir a rataye a falo. Na ce ba komi Hajiya, gobe da la'asar ku aiko. Na buɗe dosiye, na ga 800 da 533. Nan cikina ya ɗuri ruwa.

Bari in yi lissahin don wanda bai san aikin ba ya gane. Hoton asali ɗigo kusan miliyan 18 ne, wanda na bari bai kai rabin miliyan ba, wato cikin kowane ɗigo 42 guda ɗaya ya rage. Wankin hoto mai kyau na son ɗigo 300 a kowane inci, babba da ake kallo daga nesa ko 150 ya isa, amma ɗigo 800 in ka shimfiɗa su a santimita 60 wajen 34 ne a inci. Na gwada duk da haka. Huskar marigayi ta hito daƙwal-daƙwal awa an jera bulo, ido ya zama tabo biyu baƙi, aikin wuyan riga ya narke. Su bulo ɗin nan ma ba banza ba, JPEG, wato tsarin da ake ajiye hotunan nan da shi, tun da anka hito da shi a 1992 haka yake aiki, yana yanka hoto ƴan murabba'i takwas-takwas, a kowane ya zubar da abin da yake ganin ido ba zai lura ba, musamman wajen launi. Abin da ya zubar ya tahi kenan, ba wurin da yake ɓoye shi.

Kwana biyu ban yi barcin kirki ba. Na sa manhajar tono hotunan da anka goge ta bi katin kyamara, dama in an goge kati hotuna ba su ɓacewa nan take sai sabbi sun hau kansu, to namu biki nawa ne sunka hau cikin wata biyu. Ta tono mini ragon suna da wasu ƴan mata na rawa. Na kira dangin amarya ko wani na da shi, duk wanda ya turo sai in ga ƙaramin nan ne dai da ni na tura musu, wasu ma ya bi waya huɗu biyat ya ƙara lalacewa. Na gwada irin manhajar nan ta waya da ke gyara huska, ta hito da wani dattijo tas-tas mai fararen haƙora jere, kyakkyawa abinshi, amma ba shi ba ne, shi yana da wushirya. Ɗiyar ta kalla ta ce "wanga ba Baba ba ne." Ban ƙara nuna musu ba.

Inda abin ya tsaya mini a rai shi ne ranar da sunka dawo. Maigida ya miƙe gabansu ya nuna ni da yatsa ya ce "Hajiya ki yi haƙuri, yaron nan ne ya yi ɓarna, ni ban ma san ya taɓa su ba." Ban san ba! Mutumin da ya yi dariya da safen nan. Na yi shiru don ba a musu da babba gaban baƙi. Ƙarshen wata ya cire jikka 15 daga albashina wai kuɗɗin mutuncin shago, kuma sati bai zagayo ba sai ga shi da sabon disk cikin leda daga babbar kasuwa, ya aje mini a tebur ko kallona bai yi ba. Laihina na ɗauka, ni na danna. Amma rabin laihin nan ba nawa ba ne kuma ya sani.

Hajiya kuwa ita ta ba ni kunya. Na wanke mata ƙarami 10 da 15, nan ɗigo 800 sun ɗan rufa asiri, ta riƙe shi ta daɗe tana kallo sannan ta ce "ba komi ɗana, ai na gane shi." Ta hiddo kuɗɗi na ƙi karɓa, ta aje bisa tebur ta hita.

Sauran abin da na koya ba su da yawan labari. Na asali ba a taɓa shi, kwafi ake ragewa, kuma wuri biyu nike ajiyewa. In don kallo a waya ne tsawon 1600 da inganci 80 ya wadatar, daga 100 zuwa 80 ido ba ya ganin komi amma nauyi na zubewa sosai. Ka fara rage tsawo da faɗi kafin ka taɓa inganci, in ka raba su biyu ɗigo na komawa kashi ɗaya cikin huɗu. Kar ka yi ta buɗe JPEG kana gyara kana sake ajiyewa, kowane zagaye sai ya ci wani abu. Wanda ke son hoton wanki ya turo shi a WhatsApp ta hanyar dokima ba ta hanyar hoto ba, wanga na faɗa har bakina ya gaji, ko maɓallin HD da sunka ƙara a 2023 matsewa yake yi. Gmail ba ya ɗaukar abin da ya wuce mega 25. Takarda mai rubutu irin hoton allo tsarin PNG, wanda ba ya zubar da komi, ya hi mata, JPEG na sa wa haruffa hazo. Ƴan jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo da ke zuwa da dosiyen neman gurbi, in an ce hoto kar ya wuce kaza sai su yi ta canza lambar dpi, wato ɗigo nawa a inci, suna mamakin nauyi bai motsa ba, lambar nan ta wanki ce, yawan ɗigo ke da nauyi.

Yaron da zai gaje ni na zaunar da shi shekaranjiya na nuna mishi wurin alamar nan, na manna ƴar takarda a gefen allo na rubuta KAR KA TAƁA. Maigida ya zo wucewa ya karanta ya ce "yawwa, ka koya mishi kar ya yi mini irin taka." Na ce to Alhaji. Jikka 10 ɗin sallama na cikin aljihuna, a lissahina dai har yanzu ina bin shi biyat.