Yadda na raba lagireton motata da ruwan rijiya

Yawancin masu motar da na sani a Gusau ruwa zalla suke zuba wa lagireto, na rijiya ko na burtsatse, wani lokaci ma ledar fiya wata ake fasawa a bakin titi. In ka kawo maganar kulan, wato ruwan nan mai launi da ake haɗawa musamman don sanyaya inji, sai a ce maka ai wannan na ƙasar Turawa ne, don kada ruwa ya daskare musu a cikin inji, mu da rana ke gasawa me za mu yi da shi? Corolla 'yar 2005 da na saya hannu na biyu ma haka aka raine ta. Da na buɗe murfin lagiretonta, ruwa na tarar jawur da tsatsa, ga wata laka manne a bayan murfin, in ka shafa da yatsa sai ka ji tsaki-tsaki.

Hana daskarewa ɗaya ne kawai daga cikin aikin kulan, kuma shi ne wanda ba ruwanmu da shi. Abin da ya dame mu shi ne tsatsa da tafasa. Kan injin Corolla da lagiretonta na alminiyom ne, ruwa zalla kuma cin ƙarfe yake yi a hankali, ya lalata famfon da ke zagaya da ruwan. Ruwan rijiya ya fi muni, don yana barin farin ɓawon nan irin wanda ke taruwa a gindin butar shayi, kuma hanyoyin cikin lagireto sirara ne ƙwarai, ba su da wuyar toshewa. Ruwa zalla yana tafasa a maki 100 na ma'aunin Celsius. In aka haɗa shi rabi da rabi da kulan sai ya kai wajen 107, in kuma murfin lagireto yana riƙe matsi yadda ya kamata, sai ya wuce 120 bai tafasa ba. Wanda ya taɓa bin hanyar Sakkwato da tsakar rana a watan Afrilu, na'urar sanyi a kunne, mota cike da iyali, ya san amfanin wannan tazara.

Na yi aikin wanke lagireton da zuba kulan ne da sassafe bayan sallar asuba, motar ta kwana ba a tayar da ita ba. Wannan sharaɗi ne da ba na sassauci a kansa. Na taɓa ganin direban haya a gefen hanya kusa da Talata Mafara da ya murɗe murfi mota na huci, ruwan ya yi tsiri ya saɓule masa fatar hannu har gwiwa. Ko da injin ya huce, tsumma nake ɗorawa a kan murfin, in juya shi rabi in tsaya, in ba a ji huci ba sannan in danna in ƙarasa cirewa.

A ƙasan lagireton akwai ɗan matoshi na roba mai kunnuwa biyu. Na tara roba, na kwance shi da hannu, jan ruwan ya tsiyaye. Sai na cika da ruwa mai tsabta, na tayar da inji ya ɗumama, na kashe, na jira ya huce, na sake zubarwa. Haka na yi ta yi har ruwan ya fara fitowa garau. Jiran hucewar ne ke cin lokaci, shi ya sa aikin ya kai ni har azahar.

Kafin in zuba sabon, wani dattijon bakanike da muke sallah masallaci ɗaya ya leƙo. Ya kwance inda tiyon ƙasa ke shiga inji, ya nuna mini gurbin tamostat wayam, wato ɗan ƙarfen nan da ke tare ruwa kada ya zagaya ta lagireto sai inji ya ɗumama. Ya ce, "Malam, an cire mata, kuma an haɗa fankarta kai tsaye. Haka ake yi wa kusan duk tokumbo da ta shigo, wai don zafinmu." Na ce, "To Baba, ba taimako ba ne?" Ya ce a'a, kuma hujjarsa ta gamsar da ni. Tamostat ɗin wannan inji yana buɗewa ne a wajen maki 82, aikinsa ya sa injin ya yi saurin kai zafin da aka ƙera shi ya yi aiki a kai. In babu shi, musamman da safiyar hunturu, injin zai daɗe yana aiki a sanyaye, ya sha mai fiye da kima, ya riƙa cin kansa. Muka sa sabo, aka mayar da fankar yadda take tashi da kanta.

Wajen sayen kulan na fi shan wuya. Kasuwa cike take da galan-galan masu launin kore da ja, wasunsu ruwa ne da rini kawai. Launi ba shaida ba ne. Na Toyota mai ruwan hoda, Super Long Life, a haɗe yake zuwa, ba a ƙara masa ruwa, kuma kamfanin ya ce bayan canjin farko a sake shi duk kilomita 80,000 ko shekara 5. Jan na Toyota kuwa mai kauri ne, sai an sirka. Honda nasu shuɗi ne, masu Golf kuma su nemi kulan mai suna G12 ko abin da littafin motarsu ya ce. Gauraya iri biyu na iya zama kunu ya toshe lagireto. In sirkawa za a yi, da tataccen ruwa ake yi, wanda ake ƙara wa batir, amma a tabbatar wa mai shago ba mai asid ake nufi ba.

Na sa mazurari na riƙa zubawa a hankali har ya kawo wuya. Na murɗa hita zuwa ƙarshen zafi, na tayar da inji murfi a buɗe. Da farko shiru, sai 'yan kumfa suka fara tasowa ɗaya-ɗaya. Ina matsa tiyon sama da hannu, ina jin iska na ɓulɓulowa. Can da tiyon ya ɗauki zafi, ruwan ya faɗa ƙasa lokaci guda, alamar tamostat ya buɗe ke nan, sai na ƙara. Da kumfa ta ƙare na rufe, na cika robar ajiya ta gefe zuwa layin FULL, na jira fanka ta tashi ta tsaya da kanta. Iskar nan in ta maƙale a ciki, allurar zafi za ta riƙa hawa da sauka ko da lagireto a cike yake. Washegari da safe ruwan robar ya ɗan ja baya, na ƙara, daga nan bai sake motsi ba. Murfin ma na canza shi, don robarsa ta tsattsage, na nemi mai lambar matsi 1.1 irin wadda ke jikin tsohon.

Tsohon ruwan kuwa a jarka na zuba na toshe. Kulan yana da zaƙi, guba ne kuma mai kashe ƙoda, gidanmu ga yara ga awaki.

Abin da na fi son masu mota su ji shi ne, motar da ake ƙara wa ruwa kowace safiya tana yoyo, ko ba a ga ɗigo a ƙasa ba. Kulan mai launi yana tona asirin wurin, don yakan bar busasshen tabo a bakin tiyo ko ƙarƙashin famfo. In babu tabo amma salansa na fitar da farin hayaƙi bayan inji ya ɗumama, ko man inji ya koma fari-fari, to gasket ne ya lalace, wato shimfiɗar da ke tsakanin kan inji da gangar jikinsa, a nufi gareji. In kuma mota ta tafasa a daji, ruwa mai tsabta ya isa ya kai ka gari, sai dai a bari injin ya huce tukuna, don ruwan sanyi a kan inji mai zafi yana iya lanƙwasa kan injin ko ya tsaga shi.